Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin makarantun fasaha na Jihar Kebbi: a gwada mana yankan ƙarfe da ruwan naitirojin

Zuwa ga Shugaban Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, da Shugaban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, da Shugaban Kwalejin Fasaha ta Jiha da ke Dakingari, da malaman sassan injiniyanci da ke ƙarƙashinsu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku, ni mai sana'ar sassaƙar ƙarfe ne a nan Birnin Kebbi, ɗaya daga cikin waɗanda ɗalibai ke zuwa wurinsu idan lokacin koyon aikin hannu ya yi. Roƙo ɗaya ne ya kawo ni gabanku: a ware injin sassaƙa guda tak a ɗaya daga cikin ɗakunan aikinku, a haɗa masa kayan sanyaya haƙorin yanka da ruwan naitirojin, a gwada shi a kan irin ƙarafan da muke fama da su kullum, sannan a gaya mana abin da aka gani da harshen da muke ji. Na rubuto a fili ne don abokan sana'ata na Jega da Argungu da Yawuri da Zuru su gani, su ma su sa baki.

Na san akwai mai cewa wannan zance na masu ƙera jirgin sama ne, me ya haɗa shi da jihar manoma da masunta? Noman ne ma ya kawo shi. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance a nan Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, shinkafa ta canja mana aiki gaba ɗaya. Manyan masana'antun casa sun tashi a Argungu da Birnin Kebbi, ƙanana kuwa ba sa ƙirguwa, daga Kamba har Suru, kuma babu fadamar da za ka shiga ba ka ji ƙugin injin ban ruwa ba. Duk wannan ƙarfe ne ke juyawa, kuma ƙarfe yana cinyewa. Ɓuntun shinkafa cike yake da sinadarin silika, wanda shi ne asalin yashi, don haka injin casa kullum cikin gugar yashi yake. Shi ya sa masu ƙera shi ke sa masa ƙarfe mai tauri sosai, shi ya sa kuma idan sandar cikinsa ta cinye mai injin yake kai ta wurin mai walda a cike ta da sandar walda mai tauri, daga nan ta iso wurinmu don a mayar da ita awonta na asali.

A nan rigimar take farawa. Ka ɗaure sandar, ka kunna inji, ka tura haƙori. A zagayen farko kunnenka zai gaya maka cewa yau akwai magana, don ƙarar ba ta ƙarfe mai laushi ba ce, wani irin kuka ne siriri mai shiga kai. Ɓawon ƙarfen ya fara fitowa ruwan ƙasa, can ya koma shuɗi. Idan rumfar da duhu-duhu za ka ga bakin haƙorin ya yi ja. Yaron shago yana tsaye a gefe da gorar roba da aka huda wa murfi, yana ɗiga baƙin mai, man na taɓa wurin yana tashi hayaƙi ya doki fuskarsa. Kafin a kai ƙarshen sandar bakin haƙorin ya daƙushe ko ya ɓantare, fuskar aikin ta yi kaushi, awo ya kauce. A juya haƙori, a sake. Haƙoran nan kuma daga waje ake kawo su, farashinsu na bin dala, kuma mai injin casa ba ya son jin wannan bayani, shi dai a ba shi kayansa kafin magariba don shinkafar mutane na jibge tana jira.

Ku malamai kun fi ni sanin dalili. Kusan duk ƙarfin da inji ke kashewa wurin yanka zafi yake komawa, kuma zafin yana taruwa ne a ɗan wurin da bai kai faɗin farce ba, inda ɓawon ke gugar saman haƙori. A ƙarfe mai tauri wurin nan yakan haura digiri 800. Haƙorin ƙarfe irin wanda muke wasawa da kanmu yana fara sakin taurinsa tun daga wajen digiri 600. Wasu ƙarafan kuma ba sa barin zafi ya ratsa su ya tafi. A ma'aunin yadda zafi ke ratsa ƙarfe, baƙin ƙarfe na yau da kullum yana wajen 50, ƙarfen da ba ya tsatsa yana wajen 16, gamin taitaniyam da ake ƙera jirage da shi kuwa wajen 7 ne kacal. Zafin da ya rasa hanya cikin aikin, haƙori yake komawa ya ci. Ƙarfen da ba ya tsatsa kuma yanzu ya zama ruwan dare a wurinmu, saboda masana'antun ruwan leda da na madara da injinan sarrafa abinci duk da shi ake yin su.

Zuba ruwa a bakin yanka tsohuwar dabara ce. Tun ƙarshen ƙarni na 19 wani Ba'amurke, Frederick Taylor, ya nuna cewa kwararar ruwa mai yawa a kan haƙori tana ba da damar ƙara gudun yanka da kusan kashi 40 cikin ɗari. Daga nan aka shiga haɗa ruwa da mai, aka samu farin ruwan nan mai kama da madara da ake sayarwa. Mai hali a cikinmu shi yake saye, marar hali ya nemi baƙin man da aka juye daga mota ko janareta. Dukansu biyu suna da illa, kuma illar a jikin yaranmu take sauka. Farin ruwan, a zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a garin nan, ba ya daɗewa yake ruɓewa a cikin tankin inji; ƙwayoyin cuta su hayayyafa, wari ya tashi, hannun mai aiki ya yi ƙuraje ya tsattsage tsakanin yatsu. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta fitar da gargaɗi tun 1998 kan shaƙar tururin irin wannan ruwa, saboda asma da sauran cututtukan huhu da na fata. Hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa man ma'adinai da ba a tace shi sosai ba cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji. Baƙin man mota kuwa ya riga ya ƙone a inji, ya kwashi dattin ƙuna da garin ƙarfe. Shi yaro ɗan shekara goma sha biyar yake shaƙa daga safe har la'asar, da shi yake cin abinci a hannunsa, in an gama kuma a kwarara sauran a kwata, damina ta kwashe shi zuwa fadamar da muke noman shinkafar. Wannan shi ya fi ci mini rai a cikin maganar duka, fiye da kuɗin haƙori.

Ko a ƙasashen da suke da tsari, ruwan nan nauyi ne a kansu. Binciken da aka yi a masana'antar motoci ta Jamus a shekarun 1990 ya nuna cewa saye da tacewa da zubar da ruwan sanyaya yana cin kashi 7 zuwa 17 cikin ɗari na kuɗin sarrafa kaya, alhali haƙoran yankan kansu ba su wuce kashi 2 zuwa 4 ba. Wannan na cikin abin da ya tura su neman wata hanya.

Hanyar da nake magana a kai, iskar da muke shaƙa ce aka matse. Kashi 78 cikin ɗari na iskar duniya naitirojin ne. Idan aka sanyaya shi har digiri 196 ƙasa da sifili sai ya zama ruwa garai, ba launi ba wari, ba ya kama wuta. Ana ajiye shi a tulu mai bango biyu da aka zuƙe iskar tsakaninsu, irin wanda James Dewar ya ƙirƙiro a 1892, wanda daga gare shi filas ɗin shayi ya samo asali. Daga tulun sai a jawo siririn bututu da aka lulluɓe, a kai bakinsa daidai inda haƙori ke cin ƙarfe. Ruwan yana taɓa zafi ya kwashe shi, ya koma iska ya tafi inda ya fito. Ba abin da ya rage a ƙasa, ba maiƙo a jikin aiki, ba tanki balle ruɓewa. Ɓawon ƙarfen ma a bushe yake zubowa, tsaf, mai sayen tsohon ƙarfe ya ɗauka ba sai an wanke ba. Haƙorin da ya zauna cikin sanyi yana riƙe taurinsa, ba ya mannewa da ɓawo, cinyewarsa tana raguwa.

Amma abin ba kwarara ba ne kamar yadda muke yi da farin ruwa, kuma a nan ne ake buƙatar ilminku. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai tuyar masa ya ga yadda ɗigon ruwa ke yi a kan tanda mai zafi sosai: ba ya ƙonewa nan take, sai ya dunƙule yana yawo, don tururin da ke ƙarƙashinsa ya ɗaga shi ya raba shi da ƙarfen. Wani likita Bajamushe, Leidenfrost, ya bayyana wannan tun 1756. Ga ruwan naitirojin kuwa, ko ƙarfen da ke ajiye a inuwa tanda ce mai zafi. In ka zuba shi haka kawai, a kan tururinsa zai zame ya watse, ka yi asarar kuɗinka, haƙorin bai san an yi ba. Sai an harba shi da matsi, ta ƙaramar kafa, ya fasa tururin ya shiga tsakanin ɓawo da haƙori. Haka nan in bututun ya yi tsawo ko lulluɓinsa bai yi kyau ba, ruwan zai tafasa tun a hanya, abin da zai iso bakin yanka iska ce mai sanyi kawai, wadda ba ta kwashe zafin kirki. Faɗin kafar, kusurwarta, tazararta da haƙori, matsin tulun, duk abubuwa ne da ake aunawa a gyara, kuma irin aikin da ɗalibin shekarar ƙarshe zai iya yi da hannunsa a ƙarƙashin malami.

Masu bincike biyu 'yan Japan, Uehara da Kumagai, sun wallafa aikinsu kan wannan tun 1968. A 2001 Farfesa Shane Hong na Jami'ar Kolombiya a Amurka ya wallafa gwajin da ya yi da 'yan ƙananan kafofin feshi da ya dasa a jikin marikin haƙori, inda a yankan taitaniyam haƙorin ya yi rayuwa har ninki biyar idan aka gwada da farin ruwa. Daga baya kamfanoni suka ƙera injinan da ruwan ke bi ta cikin inji ya ɓullo ta cikin haƙorin kansa, har kamfanin Lockheed Martin ya amince a yanka wasu sassan taitaniyam na jirgin yaƙi F-35 ta wannan hanya. Masu ƙera ƙarfen da ake dasa wa mutum a gwiwa ko ƙugu su ma suna sha'awarta, don ba a son ɗigon mai ya maƙale a abin da zai zauna cikin jikin ɗan Adam.

Ba waɗannan nake so mu kalla ba. Waɗanda suka fi kama da mu su ne malaman Indiya da Bangaladash. A farkon shekarun 2000 su Farfesa Chattopadhyay da Paul na cibiyar fasaha ta Kharagpur, da Farfesa Dhar na jami'ar injiniyanci ta Dhaka, sun yi ta gwajin wannan a kan injin sassaƙa na yau da kullum da baƙin ƙarfe irin wanda ake yin sanda da giyar inji da shi. Tulu, bututu, bakin feshi, ma'aunin zafi, madubin ƙara girma don duba haƙori. Sun samu raguwar zafi da raguwar cinyewar haƙori da kyawun fuskar aiki, kuma har yau duk mai rubutu a fannin sai ya ambace su. Ƙasashe ne masu zafi, masu shinkafa, masu ƙarancin kuɗi. Abin da suka yi da shi bai fi ƙarfin kwalejojinmu ba.

Ba zan zo gabanku in yi tallar abin da ba haka yake ba. Wannan hanya ba ta kowane aiki ba ce. Mai sassaƙa ƙarfe mai laushi don ƙyauren gida ko ƙusar amalanke ba ya buƙatarta, kuɗinta ba zai fita ba. Naitirojin yana sanyaya amma ba shi da santsin mai. In aka bar shi ya jiƙa aikin maimakon haƙori, ƙarfen yana ƙara tauri, yankan ya ƙara wuya, baƙin ƙarfe kuma idan ya yi sanyi ƙwarai yakan rasa juriyarsa ya zama mai saurin karyewa. Aikin da aka auna yana da sanyi, in sanyin ya sake shi awonsa ya canja. Sannan yawancin binciken waje a kan sabon ƙarfe mai lamba aka yi shi, wanda aka san abin da ke cikinsa. Namu tsoho ne, an yi masa walda sau biyu ko uku, fuskarsa tudu da kwari, haƙori yana shiga yana fita yana cin duka a kowane zagaye. Ko sanyin zai taimaki haƙori a irin wannan, ko zai sa shi ɓantarewa da wuri, gwaji ne zai raba gardama, kuma ba wanda zai zo daga Jamus ya gwada mana sandar injin casa ta Kamba. Ko da sakamakon ya nuna cewa a nan ba ta yi ba, a can ta yi, mun ƙaru, don mun san inda ba za mu zuba kuɗi ba.

Akwai kuma amfani guda da ba ya jiran wani dogon bincike, wanda ni a ganina shi kaɗai ya isa a ajiye tulu saboda shi. Ƙarfe yana tsukewa da sanyi. Baƙin ƙarfen da aka tsoma a ruwan naitirojin yana raguwa da kusan kashi biyu cikin dubu, wato abu mai faɗin milimita 100 zai ragu da kusan milimita 0.2, tagulla da alminiyam ma sun fi haka. Matsin da ake so tsakanin bushi, wato zoben ƙarfen da sanda ke juyawa a cikinsa, da gidansa, ko bututun cikin silinda da jikin inji, ko mazaunin bawul da kan inji, sau da yawa bai kai wannan ba. Ka tsoma bushin har ya daina tafasa, ka ɗauko da awartaki, ka sa shi a raminsa ya shige da kansa, in sanyin ya sake shi ya kumbura ya kama gam. Yau yadda ake yi a yawancin rumfunanmu, guduma ce da guntun katako, ko a gasa gidan da wutar walda har ya murɗe ko taurinsa ya tafi. Jikin inji nawa ya tsage a hannun makanikai ta wannan hanya, injin ban ruwa nawa ya mutu ana tsakiyar noman rani? Masana'antun duniya sun daɗe suna haɗa kaya da sanyi. Yini guda ya isa a koya wa makanike, in akwai mai koyarwa da wurin koyo.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce ta inda za a samo ruwan. Manyan masu tace iska suna nesa da mu, ruwan kuma ba ya jira, ko a tulu mai kyau kullum yana raguwa kaɗan-kaɗan, balle a bayan mota cikin ranar Kebbi. Sai dai ba mu kaɗai ke buƙatarsa ba. Likitocin dabbobi da shi suke ajiye irin bijimai don yi wa shanu barbarar allura, aikin da cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta daɗe tana yi. Asibitoci da ɗakunan bincike da shi suke adana samfur. Jiharmu jihar dabbobi ce, ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru, ga tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo nan kusa a Sakkwato. Akwai ƙananan injina masu tace naitirojin daga iska su mai da shi ruwa, masu ba da lita goma zuwa 'yan gomomi a yini, abin da suke nema wuta ce tsayayya. Injin guda da aka haɗa kai aka saya, aka ba shi wutar sola, zai ciyar da ɗakin sassaƙa da likitan shanu da ɗakin bincike, kowa ya biya gwargwadon abin da ya ɗiba. Kafin a kai nan, gwajin farko bai fi ƙarfin tulu biyu da za a riƙa cikowa ba.

Wasu za su kawo shawarar iskar kabon dayoksaid, wadda ake sa wa lemon kwalba da tukunyar kashe gobara, tunda ita a tukunyar ƙarfe take zama ba ta ƙafewa, kuma in aka sake ta takan fito da sanyin digiri 78 ƙasa da sifili. Shawara ce mai kyau, a gwada ta gefe da gefe. Amma a tuna da garin da muke: da zarar zafin tukunyar ya haura digiri 31, abin da ke ciki ya daina zama ruwa, matsinsa kuma ya yi ta hawa. Littafin da aka rubuta a ƙasar sanyi ba lallai ya tsaya kan wannan ba, mu kuwa rabin shekara a sama da haka muke. Dole a nemi wa tukunyar wuri mai sanyi, kuma wannan ma abin aunawa ne.

Ranku ya daɗe, dalilin da ya sa na kawo maganar wurinku maimakon in sayo tulu in gwada a rumfata shi ne haɗari. Lita ɗaya ta ruwan naitirojin tana zama kusan lita 700 ta iska. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kusan kashi 21 cikin ɗari, kuma da ya sauka ƙasa da 19.5 an shiga haɗari. A ɗaki mai faɗin mita huɗu, tsawon mita huɗu, tsayin mita uku, in lita goma ta zube ƙofa na rufe, oksijin zai sauko wajen kashi 18. In tulu mai lita 25 ne, zai kai wajen 13. Naitirojin ba shi da wari, ba ya sa tari, mutum ba ya jin yana shaƙewa, jiri ne kawai sai faɗuwa, wanda ya ruga ceto shi ma ya faɗi a kansa. A watan Janairun 2021, a garin Gainesville na Jihar Jojiya a Amurka, yoyon ruwan naitirojin a wata masana'antar kaji ya kashe ma'aikata shida. Ga ƙunar sanyi, wadda ke lalata fata da ido kamar yadda wuta ke yi, musamman in ruwan ya shiga takalmi ko safar hannu ya rasa mafita. Ga wanda zai zuba shi a filas ko gora ya murɗe murfi, abin ya fashe a hannunsa. Ga bututun da ba a lulluɓe ba, wanda sanyinsa ke sa oksijin na iska ya zama ruwa ya ɗiga, tunda shi a digiri 183 ƙasa da sifili yake komawa ruwa, in kuwa ya ɗiga a kan tsumma mai maiƙo gobara ta samu abinci. Na san mutanenmu, na san ƙwazonsu da ƙarfin halinsu. Bidiyon wannan abu yana yawo a waya, ba da daɗewa ba wani zai gwada ba tare da ya san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Gara ilmin ya fito daga hannunku, tare da ƙa'idarsa: wuri a buɗe, na'urar auna oksijin mai ƙararrawa, garkuwar fuska, safar hannu mai sauƙin zarewa, wando a kan takalmi, kuma ba a ɗaukar tulu cikin mota tare da fasinja.

Kuɗin da wannan zai ci bai kai na sabon inji ba, kuma TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, yana da kason da yake bai wa makarantu don binciken cikin gida. Ina roƙon kada a fara da odar wani ƙaton inji mai kwamfuta daga waje. A fara da injin da yake nan, wanda akwai irinsa a kowace rumfa, don abin da aka gano ya zama wanda za mu iya ɗauka. A yanka ƙarfe iri ɗaya a bushe, a yanka da baƙin mai, da farin ruwa, da naitirojin, da kabon dayoksaid. A auna cinyewar haƙori da santsin fuska da lita nawa ta tafi, a fitar da lissafin da naira a kan kowace sanda, don mai rumfa naira yake fahimta. A sa ɗaliban difloma su ƙera bakin feshin da kansu. Yaran nan da ke zuwa mana suna da kai, sun san lissafin gudun yanka fiye da mu, kuma ka ga idonsu yana haske duk ranar da aka ba su matsala ta gaske su warware. Wanda ya fita da sanin yadda ake sarrafa ruwa mai sanyin nan lafiya, ko bai sake taɓa injin sassaƙa ba, yana da abin nunawa a masana'antar iskar gas da ta taki da asibiti.

In sakamako ya fito, a buga shi a mujallun ilmi, wannan haƙƙinku ne kuma darajar makaranta ce. Amma a rubuta shi kuma da Hausa a takarda biyu ko uku, a karanta a rediyo, a kira ƙungiyoyin makanikai da masu walda da masu injin casa rana guda su zo su gani da idonsu, a fara musu da haɗa bushi da sanyi da ƙa'idojin kariya. A wannan zama kuma ina so a gaya wa iyayen gida irina gaskiya game da baƙin mai, daga bakin malami da likita, don ko naitirojin bai iso rumfunanmu nan kusa ba, a daina ɗiga wa yara hayaƙinsa a fuska.

Mu kuma ga namu. Sandunan injin casa da suka cinye, masu walda da marasa walda, guntayen ƙarfen da ba ya tsatsa, tsofaffin jikin injin ban ruwa don gwajin bushi, haƙoran da suka mutu don a duba yadda suka mutu, duk muna da su jibge, za mu kawo da kanmu ba tare da an biya mu ba. Duk malamin da yake so ya ga aikin yadda yake a rumfa kafin ya zana gwajinsa, ƙofa a buɗe take, kuma lokacin da ya fi dacewa ya zo shi ne bayan girbin rani, lokacin da injinan casa suka fi lalacewa.

Allah ya taimake ku a kan amanar da ke wuyanku.

Naku,
Mai sassaƙar ƙarfe,
Birnin Kebbi.